Waya Mai Ido Ɗaya a Lefen Khairiyya

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Idrisu ne mai albasa, na Kasuwar Relief a nan Anacha. Masu bin labarin 'yata Khairiyya sun san an sa rana. Wanda yau ya fara shigowa, ga inda muke. Yaron da ke nemanta sunansa Shafi'u, mahauci ne a kwata, mutumin Jega, iyayensa duk sun rasu. Mun bincika, ba mu ji abin ƙi ba, muka ba shi. Abin da ya rage shi ne lefe. To a cikin lefen nan akwai wani abu da bai fi tafin hannu ba, wanda ya hana ni jin daɗin tuwo kwana da kwanaki.

Lokacin da na auri Sa'a, uwar Khairiyya, lefe atamfa ne da leshi da takalma da man shafawa. Yanzu an ce sai an saka sabuwar waya a ƙaramin akwati, cikin kwalinta, a ɓare ledar a gaban mata. Ni ban ɗauki abin da zafi ba sai ranar da Yaya Rakiya ta kira daga Fatakwal.

Sai na gaya muku wace ce Yaya kafin ku gane halin da na shiga. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Ina ƙarami Inna ta rasu. Yaya ce ta goya ni, ita ta yi min wanka, ita ta kawo ni kudu da na tasa. Yanzu tana da rumfar shinkafa da wake a kasuwar Mile 3 ta Fatakwal, ana ce mata Hajiya ana rusunawa. Ni kuwa har yau Idi nake a bakinta, ga furfura a gemuna. Ita kuma Khairiyya sunan Inna ta ci, shi ya sa ni da Yaya Uwata muke ce mata.

Bayan la'asar ne. Ina zaune a ƙofar ɗaki, Sa'a na gyaran alayyahu a tire, Khairiyya na ciki bayan labule tana ɗura humra a kwalabe. Sana'arta ke nan, a waya take tallatawa. Wayata kuwa sai an buɗe murya ake jin mai magana, don haka duk tsakar gidan aka ji, har maƙwabta.

"Idi, wace irin waya yaron nan zai saka wa Uwata?"

Na ce, "Yaya, ai waya waya ce."

"A wajenka ba. Wadda aka kawo wa Bashira bara ido uku gare ta. Sai da matan Mile 3 suka yi layi suna kallo."

Bashira 'yarta ce. Ido kuwa, kamarorin nan da ke bayan waya mata suke nufi. Ashe in an buɗe kwali ba fuskar waya suke dubawa ba, juya ta suke yi su ga idonta nawa.

Yaya ta ci gaba. "Na ji an ce kamfanin nan na manya sun fitar da wata ta marasa ƙarfi, mai ido ɗaya. Ka ja masa kunne. Shi da yake mahauci ya fi ni sani, ko ragon layya mai ido ɗaya ba a karɓa."

Sa'a ta ƙunshe dariya da bakin mayafi. Ni ma na yi 'yar dariyar da na saba yi wa Yaya.

"Ba wasa nake ba, Idi. Mai sunan Inna ce. Ba za a ce don muna zaune a garin wasu an kawo mata na baya ba. In na juya na ga ido ɗaya, da akwatunansu za su koma."

Na ce, "To, Yaya."

Iyakar abin da na ce ke nan. A bayan labule na ji ƙarar kwalabe ta tsaya.

Ku da kuka san al'ada kun san mayar da lefe ba ƙaramin abu ba ne. In akwati ya shiga gida ya fito, da wuya namiji mai zuciya ya sake ɗauko shi. Mu Hausawan nan kuma ba yawa gare mu ba. Abin da aka yi da azahar, kafin magariba har masu tura baro sun ji.

Washegari ina rumfa ina ware albasa, saƙon Khairiyya ya shigo.

"Baba ina wuni, ya kasuwa."

Na rubuta, "Lafiya lau Uwata."

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa, ina ganin alamar. Can sai ta turo murya. Na shiga bayan buhuna na kara a kunne.

"Baba, don Allah kar ranka ya ɓaci. Wayar nan mai ido ɗaya ni na zaɓa. Shi babbar ya so saya, wai zai sayar da babur ɗinsa. Na ce in ya sayar, da me zai riƙa kai wa masu abinci nama? Na duba ta sosai, Baba. Hoton kwalabena zai fita tas, caji yana daɗewa, aikinta irin na manyan ne. Ni ta ishe ni." Sai ta ƙara da cewa, "Baba, shi ba shi da uwar da za ta tsaya masa a ɗakin nan ranar. Kar ka bari Gwaggo ta karya masa zuciya."

Na saurara, na sake saurara. Na tura mata hoton hannayen nan na addu'a, na sa wayar a aljihu.

Maƙwabcina a rumfa, Bubayero mai tattasai, ya ga fuskata ya tambaya. Na ba shi labari. Ya gyara zama, don shi ba a rasa shi da ra'ayi.

"Laifin kamfanin ne. Kai da ka yi suna da kayan manya, me ya kai ka yin na talakawa? A da in ka ga tambarin nan a hannun mutum ka san ya tara. Yanzu ɗan okada ma riƙe yake. Sun rage wa manya girma, ƙanana kuma sun jefa su a gasa."

Na ce, "Kai wacce kake riƙewa?"

Ya zaro wata 'yar ƙarama da aka ɗaure da kyauro. "Tawa mai tocila ce. Ba a taɓa juya ta an ƙirga komai ba."

Muka yi dariya, amma dariyar ba ta sauka cikina ba.

Kwanaki suka wuce ban kira Yaya ba, ban kuma kira Shafi'u ba. A gida Khairiyya ta ci gaba da kawo min ruwan alwala da shimfiɗa min tabarma kamar kullum, ba ta sake ɗaga maganar ba. Da ta yi min ƙorafi da ya fi min sauƙi. Sa'a ce ma ta ce, "Malam, ranar fa matsowa take." Na ce na sani.

Ana saura 'yan kwanaki, Bubayero ya dawo daga cikin gari wajen hantsi. Bai ko zauna ba ya ce, "Surukinka na can layin masu gyaran waya, shagon Obinna, da sabon kwali a hannu."

"Sabuwa ce ai, me zai gyara?"

"Kai Idrisu, kana Anacha kamar baƙo. Riga ake sauya mata."

Ya yi min bayani. Wai akwai masu ɓalle bayan ƙaramar waya su manna mata bayan babba mai ido uku, su saka ta a kwalin babbar, su liƙe leda kamar daga kamfani. Na bar masa rumfa na tari okada.

Shagon ɗan ƙarami ne, gilashi cike da gawarwakin wayoyi, fanka na juyawa ba ta kawo iska. Shafi'u na tsaye da farar shadda da hula zanna. A kan tebur ga wayar, an fitar da ita daga kwali, baƙa, tana sheƙi. A gefenta ga wani murfi mai ido uku. Da ya gan ni sai ya durƙusa nan tsakiyar shagon, mutane na ratsa shi.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Shafi'u. Tashi."

Bai tashi ba. Mai shagon ya turo min kujerar roba. "Alhaji, sannu, zauna. Na small work, yanzu-yanzu zan gama."

Na ɗauki murfin na juya shi. Ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Na ce wa Obinna, "Idon nan biyu da za ka ƙara, suna gani?"

"Ba sa gani, Alhaji. Na fashion, ado ne kawai. Amma ko wanda ya ƙera ta sai ya duba sosai."

Jama'a, a nan zan faɗa muku gaskiya. Zuciyata ta kwanta da abin. Na ce a raina, ga mafita Allah ya kawo. Yaya za ta juya ta ga uku, ta yi guɗa, ta koma Fatakwal da farin ciki. Ba wanda aka zalunta, ba wanda aka ci wa bashi. Ni kuma ba sai na buɗe baki a gaban Yaya ba. Har na ajiye murfin kusa da hannun Obinna.

Sai na dubi Shafi'u. Yana durƙushe ya haɗa hannuwa a kan gwiwa. Hannuwan nan duk tabon wuƙa ne, ya wanke su ya shafa turare don zai shigo gari. Kansa na ƙasa kamar wanda aka kama da kayan sata, alhali da guminsa ya sayi abin.

Na ce, "Wa ya gaya maka maganar Hajiya?"

"A kwata na ji, Baba. Har ana min waƙar rago mai ido ɗaya."

"Khairiyya ta san ka zo nan?"

Ya girgiza kai. Can ya ce, "Baba, da ma kamfanin nan ba su yi ƙaramar ba. Da wata daban na saya, ba mai gwada ni da kowa. Yanzu sun buɗe mana ƙofa mun shiga gidan manya, amma a wajen takalma aka zaunar da mu. Kowa ya shigo sai ya gan ka."

Maganar ta zauna min. Ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Na ce, "Ni kuwa na gode musu da suka yi ta. Ka ga albasata, buhu ɗaya ne, gona ɗaya. Manyan masu otal ke ɗauka. Ƙananan nake kasawa kashi-kashi, mace ta zo da abin da take da shi ta saya ta yi miya. In na ce manya kawai zan sayar don kar a raina rumfata, gidaje da yawa ba za su ci albasar Aliero ba. Kuma ban taɓa ɗora manya a saman kashi in ɓoye ƙanana a ƙasa ba."

Ban san ko na gamsar da shi ba. Ni kaina ban gama gamsuwa ba, don albasa ba a saka ta a lefe. Amma akwai abin da na tabbatar. Khairiyya ce ta zaɓi wayar nan, da ta ɗauka za ta gane. Za su fara zama da abin da shi ya san ƙarya ne, ita ma ta sani, kowa na kauda kai. Duk saboda tsoron Yaya Rakiya. Tsoron nan kuwa nawa ne. Ni na taso da shi, ba dalilin da zai sa in ɗora wa marayan Allah.

Na ce, "Mayar da ita kwalinta."

Ya ɗago. "Baba, in aka mayar da kayan fa?"

"Gidana za a kawo su. Ka bar min wannan."

Na faɗa da ƙarfi kamar na san abin da zan yi. Obinna ya ɗaga kafaɗa ya liƙe masa kwalin.

Yaya ta iso ranar Juma'a da yamma, da buhun shinkafa da jarkar manja. Ta rungume Khairiyya tana cewa, "Uwata, kin rame, Idi ba ya ba ki abinci ne?" Na yi niyyar yi mata magana a ranar. Na shiga ɗakin, na tarar tana shafa wa ƙafafunta man zafi, tafiya ta kumbura su. Na yi mata sannu na fito.

Asabar bayan azahar aka kawo lefe. Khairiyya tun safe ta tafi gidan ƙawarta, don amarya ba ta zama a gida ranar. Ƙanwar mahaifiyar Shafi'u ce ta zo daga Enugu, dattijuwa mai sanyin murya, tare da matan abokan sana'arsa. Keke Napep biyu suka cika. Sa'a ta share tsakar gida, ta shimfiɗa sabuwar leda a ɗaki, ta turara shi, ta soya cincin da kaji. Yaya ta sha leshi ruwan zuma da sarƙar gwal, ta zauna a tsakiya. Mai gidan da muke haya, wata dattijuwar Ibo, ita ma ta ɗaura ɗankwali ta shigo kallo.

Maza ba sa shiga, don haka na ja benci na zauna a waje jikin taga, da carbi a hannu. Ina jin komai. Ana ɗaga atamfa ana yabawa. Ana ɗaga leshi ana guɗa. Na ji Yaya ta ce, "Wannan shaddar ba laifi." Takalma, jakunkuna, mayafai. Sai na ji an ce, "Miƙo ƙaramin."

Na ji ƙarar zip. Na ji ƙarar leda ana ɓarewa. Daga nan ɗakin ya yi tsit.

Labule ya ɗaga. Yaya ta fito da wayar a hannu, mayafinta ya zame kafaɗa. Ta zo ta tsaya a kaina. Na miƙe.

"Idi."

"Na'am, Yaya."

"Saƙona bai isa ba ne?"

Bakina ya so ya ce mantawa na yi. Ya so ya ce yaran zamani ba sa jin magana. Na haɗiye.

"Ya isa, Yaya. Yaron har ya kai ta a sauya mata baya don ki ga ido uku. Ni na je na hana. Ni na ce a kawo ta yadda take."

"Kai?"

"Ni."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. Na ci gaba, don na san in na tsaya ba zan iya ɗorawa ba.

"Babbar ya so saya, sai ya sayar da babur ɗin da yake neman abinci da shi. Uwata ce ta hana shi. Ita ta zaɓi wannan. Yaya, yaron nan ba shi da uwa. Matar da ke ciki ita kaɗai ta rage masa, daga Enugu ta taso. In akwai wanda za ki yi wa faɗa, ga ni. Amma akwatunan nan ba za su fita daga gidan nan ba."

Ban taɓa faɗa wa Yaya magana mai tsawon wannan ba. Ta zauna a kan bencin a hankali, saboda ƙafafun. Ta juya wayar ta dubi bayan, ta sake juyawa. Ta goge fuskarta da gefen mayafi inda yatsa ya ɓata.

"Har ta fara tattalin kayan miji tun ba a ɗaura ba," in ji ta, ba tare da ta dube ni ba.

Can ta ɗago kai.

"Tun da na goya ka ban taɓa jin ka ce min a'a ba. Sai yau, a gaban baƙi."

"Ki yafe min, Yaya."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta miƙo hannu na ɗaga ta, ta gyara mayafi ta koma ciki. Na kasa kunne. Na ji ta ce, "Mun ga kaya. Allah ya sa albarka, Allah ya ba su zaman lafiya." Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa, saura suka kama. Na saurara sosai, ban ji muryar Yaya a ciki ba. Amma an ba da tukwici, an ci kaji, keke biyun nan suka koma ba akwati ko ɗaya.

Wayata ta yi ƙara. Khairiyya ce.

"Baba an karɓa?"

"An karɓa Uwata."

"Gwaggo fa?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na ce, "Ki dawo ki gaishe ta."

Ta dawo kafin magariba, ta durƙusa a gaban Yaya. Yaya ta shafa kanta ta ce Allah ya yi mata albarka. Amma tuwon da Sa'a ta kai mata haka aka fito da shi.

Da safe na raka ta tashar Upper Iweka. Na riƙe mata jaka muna ratsa cunkoso, 'yan kamasho na jan hannun mutane, manyan motocin arewa na hon. Na samo mata kujerar taga. Da mota ta kusa cika sai ta leƙo.

"Yaron nan, ka ce ba shi da kowa?"

"Sai matar nan da kika gani."

Ta miƙo hannu ta gyara min hula, ta karkace ashe. "Ka turo min shi Fatakwal kafin biki. Shi kaɗai. Kar ka biyo shi, kuma kar Uwata ta kira ni."

"Yaya, lafiya?"

Direba ya ja mota.

Daga tasha kwata na wuce. Na samu Shafi'u yana wanke teburinsa, na gaya masa yadda muka yi. Na zaci zai firgita. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke gangarewa, sannan ya ce, "Baba, wane nama Hajiya ta fi so?"

Na ce ƙafar saniya, in ta dahu luguf.

Yau da safe ya hau motar Fatakwal da farar shaddarsa, ya rungume kular ƙafar saniya a kan cinya. Khairiyya na ɗaki, kwalabenta na gabanta ba ta ɗura ko ɗaya ba. An yi la'asar yanzu. Bai kira ba, ni kuma na kasa kiran Yaya.